Tsofaffin bindigogin iska masu sifirin da aka daina ƙerawa: tambayoyi da amsoshi

Duk inda masu sha'awar bindigar iska suka haɗu, a Ingila ne ko Jamus ko Amurka, ba a daɗewa sai wani ya jefo tambayar nan: cikin tsofaffin bindigogi masu sifirin da kamfanoni suka daina ƙerawa, wacce ya kamata a dawo da ita? Sunayen da ake kira kusan ɗaya ne a ko'ina. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, da amsoshinsu yadda nake ganin abin, don ni ma ina cikin masu jin takaicin ɓacewar waɗannan bindigogi.

Wace iri ce bindiga mai sifirin, kuma me ya raba ta da sauran bindigogin iska?

Ba ruwanta da albarushi, kuma ba ta da tankin ajiye iska. A cikinta akwai silinda, da fistan, da sifirin mai ƙarfi a bayan fistan ɗin. In ka ɗana ta, ka danne sifirin ke nan, ƙugiyar kunama ta riƙe fistan a baya. Kana taɓa kunama sai sifirin ya wurga fistan gaba, ya matse iskar da ke cikin silinda, iskar ta bi ta wata 'yar kafa ta ingiza ƙaramin harsashin dalma cikin bututu. Kamar aikin famfon keke ne, sai dai wannan ana gama shi kafin ƙiftawar ido, kuma matsin kan sa iskar ta yi zafi ƙwarai a ɗan wannan lokaci.

Ana ɗana ta ta hanya uku: akwai wadda ake karyo bututunta ƙasa, akwai mai liba a ƙarƙashi, akwai mai liba a gefe.

Abin da ya sa harbi da ita yake son koyo shi ne motsinta. Sa'ad da fistan ya tashi, bindigar kan ja baya, sa'ad da ya tsaya kuma ta zabura gaba, alhali harsashi bai gama fita daga bututu ba. Shi ya sa ake riƙe ta sako-sako, kuma riƙo iri ɗaya kowane harbi. Shi ya sa kuma bindiga biyu masu ƙarfi ɗaya za su iya bambanta nesa ba kusa ba: ɗaya ta yi harbi a natse, ɗaya ta yi ta kaɗawa da ƙara a kunnenka. Duk maganar tsofaffin bindigogin nan a kan wannan natsuwa take.

Wacce aka fi ambata in an zo maganar dawowa?

Feinwerkbau Sport, wadda aka fi sani da lambarta: 124 mai harsashin milimita 4.5, da 127 mai milimita 5.5. Kamfanin yana garin Oberndorf a bakin kogin Neckar a Jamus, garin da aka san shi da masana'antar bindigogi ta Mauser, kuma tsofaffin ma'aikatan Mauser ɗin ne, Karl Westinger da Ernst Altenburger, suka kafa shi. Sana'arsu bindigar gasa ce. Da suka fito da bindigar farauta a farkon shekarun 1970, sai suka zo da hannun masu bindigar gasa, musamman a wajen bututu.

Kafin ita, hanyar da aka sani ta ƙara wa bindiga ƙarfi ita ce a faɗaɗa silinda a sa sifirin mai kauri. Feinwerkbau sai ya bi wata hanya: silinda siririya, amma tafiyar fistan mai tsawo. Abin da ya fito shi ne bindiga marar nauyi, wadda ƙarfin da ake ɗana ta da shi bai wuce wajen kilo 10 ba, amma tana jefa harsashi wajen mita 240 a sakan ɗaya. A wancan zamani wannan gudu na sahun gaba ne. Mutum yana iya wuni da ita a gona yana harbin zomo ko kurege hannunsa bai mutu ba. A Amurka, Robert Law na Air Rifle Headquarters da Robert Beeman su suka yaɗa ta, kuma mutane da yawa a can ta hanyarta suka fara gane cewa bindigar iska ba kayan wasan yara kaɗai ba ce.

Tana da nata aibin. Sil ɗin da ke kan fistan, wato zoben da ke hana iska zurarewa, an yi shi da wata roba da kan ruɓe da shekaru, ta farfashe ta toshe kafar iska. Kusan duk 124 da ta daɗe a ajiye sai an canza mata shi kafin a harba. Kunamarta ma ba ta kai ta Weihrauch, wani kamfanin bindigar iska na Jamus, ba, kuma na farko-farko da roba aka yi harshen kunamar. Duk da haka, wanda ya ɗana 124 sau ɗaya, ya ji yadda bututun ke saukowa ba gardama, zai gane dalilin da ya sa har yau ba a daina kiran sunanta ba, ko da yake tun ƙarshen shekarun 1980 aka daina yin ta.

To ai an ce kamfanin ya dawo da ita. Me ya faru?

Ya dawo da sunan Sport a 2014. Sabuwar bindiga ce mai kyan ƙira da bututu na gari, ta fi tsohuwar ƙarfi, ta fi ta nauyi, kuma kuɗinta ya zarce na kishiyoyinta irin su Weihrauch. Masu cewa a dawo da 124 suka duba suka ce ba ita ba ce. Waɗansu suka yi ƙorafin sifirin yana ƙara, waɗansu suka tsaya a kan tsada. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina ta.

Haka ta faru da kamfanin Walther na Jamus. A farkon shekarun 2010 ya farfaɗo da sunan LGV, wanda tsohuwar bindigarsa ta gasa ta shekarun 1960 ta ɗauka, ya fito da bindiga mai karyawa wadda kusan kowa ya yaba da laushin harbinta, ya biyo da LGU mai liba a ƙarƙashi. Su ma yanzu sun shiga jerin waɗanda ake cewa a dawo da su.

A nan laifin ba na kamfanoni kaɗai ba ne. Mu masu sha'awa mun iya roƙo, amma in abin ya fito sai mu ce bari a ga ko farashi zai sauko. Kamfani kuwa ba ya ajiye injuna da ma'aikata saboda yabo. Da rabin masu kukan rashin LGV a yau sun saye ta lokacin da take kan kanta, da wataƙila har yanzu ana yin ta.

Diana 27 ƙaramar bindiga ce marar ƙarfi. Me manya suke nema a jikinta?

In da ni za a tambaya wacce za a dawo da ita, ita zan zaɓa, ba 124 ba.

Kamfanin Mayer & Grammelspacher na garin Rastatt, wanda aka kafa a 1890, shi ne mai sunan Diana. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu yana da bindiga mai lamba 27, amma wadda aka fi sani ita ce ta bayan yaƙi, da aka yi ta ƙerawa har cikin shekarun 1980. Tarihin sunan ma abin sani ne ga mai neman ta gwanjo. Bayan yaƙin an kwashe injunan kamfanin zuwa Sikotland, inda Millard Brothers, wato Milbro, suka ci gaba da sayar da bindigogi da sunan Diana a Birtaniya. Da kamfanin Jamus ya farfaɗo, sai ya riƙa sayar da nasa a can da sunan Original, har zuwa farkon shekarun 1980. A Amurka kuma wannan 27 ɗin za ka gan ta da sunan Hy-Score 807 ko Winchester 427. Bindiga ɗaya ce.

Nauyinta bai kai kilo 3 ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗana ta a gaban babansa, dattijon da kafaɗa ta fara damu ma zai iya. Tsawonta kuma na babban mutum ne, ba a rage ƙotar ta zama ta yara ba. Kunamarta daban take: ƙananan ƙwallayen ƙarfe uku ne suke riƙe sandar fistan maimakon ƙugiya, kuma in an saita ta daidai tana sakin harbi da sauƙi ba tare da ja-in-ja ba. Sil ɗinta na fata ne, in ana ɗiga masa mai jefi-jefi yakan yi shekaru masu yawa. Da yake sifirinta ba mai ƙarfi ba ne, zaburar da na ambata a sama kaɗan ce, ba ta damu da yadda ka riƙe ta sosai ba. A mita 15 zuwa 20 tana sa harsashi inda ka nufa.

Yawancin harbin da mutane ke yi da bindigar iska wannan ne: gwangwani a bayan gida, takarda a jikin allo, ɓera a rumbu. Ba ya bukatar ƙarfi. Abin da ya ɓace daga kasuwa shi ne bindiga matsakaiciya da aka yi wa aikin manya, ƙarfe da katako na kirki, ba a raina ta don ba ta da ƙarfi ba. Yau in ka ga bindiga mai wannan girma, galibi an yi ta ne da araha don masu koyo. Diana kanta ta koma hannun German Sport Guns a 2014, aka bar Rastatt aka koma Ense, kuma ba ta da wata a jerinta da ta maye gurbin 27 da gaske.

Mene ne labarin bindigogin gasa da ake cewa ba sa zabura?

Gasar harbi ta mita 10 ba ta yafe motsi ko kaɗan, don haka maƙeran Jamus suka shiga neman yadda za su kashe zaburar sifirin. Hanyoyi biyu suka yi fice.

Ta Feinwerkbau ita ce a bar bindigar ta zabura, amma kada maharbi ya ji. A samfurin 150, da 300, da 300S, an ɗora silinda da bututu a kan siraran layukan ƙarfe a cikin ƙota. In aka harba, ƙarfen gaba ɗaya yakan zame baya kaɗan, ƙotar kuwa tana nan daram a kafaɗa. Fistan ɗinta ma zoben ƙarfe gare shi irin na injin mota, ba fata ko roba ba, shi ya sa ake samun 300S da ta yi shekara 40 tana aiki a kulob tana nan da ƙarfinta. Nauyinta ya kusa kilo 5, amma da yatsu biyu ana iya jan libarta.

Ta Diana kuma dabarar wani injiniya ce mai suna Kurt Giss: fistan biyu, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya a lokaci guda, ƙananan ƙafafun ƙarfe masu haƙora suna haɗa tafiyarsu, ƙarfin ɗaya ya kashe na ɗayan. Ita ce a Diana 60 da 65 da 66, da 75 mai liba a gefe. Harbinta kamar ba a harba ba. Gyaranta kuwa sai gwani, don sil ɗinta na asali kan ruɓe, kuma in aka kwance ta sai an daidaita tafiyar fistan biyun daidai wa daida.

Abin da ya kawar da su shi ne ci gaban gasar kanta. A 1984, shekarar da harbin bindigar iska ya shiga gasar Olamfik a Los Angeles, Feinwerkbau ya fito da 600, wadda ake matse iskarta da liba tun kafin harbi, ba abin da ke motsi mai nauyi a cikinta. Daga baya masu tankin iska suka zo suka gama magana. Ba mai zuwa babbar gasa da sifirin yanzu. Masu neman a dawo da 300S mutanen gida ne, waɗanda suke son daidaito irin na gasa ba tare da famfo ko tulun iska ba.

A nan ne wurin ambaton Weihrauch HW55. Ita tana zabura, ba a yi mata wata dabara ba, sai dai ƙarfinta kaɗan ne, tana da makullin da ke ɗaure bututu, da kunamar kamfanin mai suna Rekord da aka sassauta don gasa. Mai ƙotar Tirol, wadda aka fafe wa gurbin kunci, tana cikin bindigogin iska mafi kyan gani da aka taɓa yi. Weihrauch yana nan a Mellrichstadt yana aiki, kuma a ganina ita ce mafi sauƙin dawowa cikin duk waɗanda ake ambata.

Na Ingila fa?

Birmingham ce cibiya, kuma sunaye biyu ne: BSA da Webley & Scott.

BSA ya fara bindigar iska a 1905 da ƙirar Lincoln Jeffries mai liba a ƙarƙashi. Wadda ake kewa ita ce Airsporter ta 1948. An ɓoye libarta cikin ƙota, har in ka hango ta sai ka ɗauka bindigar farauta ce mai albarushi. Ana sa mata harsashi ta wani mazubi mai juyawa da ke tsakanin silinda da bututu, kuma a samfuran farko mazubin kan buɗe da kansa in an ɗana. Wannan mazubi shi ne alherinta, shi ne kuma ya sa ta tsada. Yatsanka ba ya shiga inda fistan zai iya datse shi. Amma dole ramin mazubin ya yi daidai da ramin bututu, in ya kauce ko da kaɗan ne harsashi ya gurje, saiti ya lalace. A samfura biyu na farko, Mk1 da Mk2, da hannu ake gyara kowane mazubi ya dace da bindigarsa. Da aka fara rage wannan aiki don rage kuɗi, masu harbi suka ga bambanci, shi ya sa in Bature ya ce a dawo da Airsporter, ta farko yake nufi. Ana kuma ambaton Mercury, 'yar'uwarta mai karyawa, da Superstar, da Goldstar mai ɗaukar harsashi 10. Kamfanin Gamo na Sifen ya sayi BSA a 1986.

Webley yana da Mark II Service ta shekarun 1930, wadda ake cire bututunta a sa wani mai girman harsashi daban, da Mk3 da aka yi daga 1947 zuwa 1975, wadda har yau ake misali da baƙin rinin ƙarfenta. Daga baya aka yi Vulcan da Omega da Eclipse, da Patriot mai ƙarfin gaske, wadda ɗana ta kan ci fiye da kilo 20, Amurkawa suka san ta da Beeman Kodiak. Abin baƙin ciki, mafi kyawun masu sifirin da Webley ya yi sun zo ne dab da ƙarshe. Longbow da Tomahawk sun amfana da hannun mutanen Venom, Ivan Hancock da Dave Pope, waɗanda suka yi suna wajen gyara bindigogi su yi laushi. A ƙarshen 2005 aka rufe masana'antar Birmingham, ƙira ta koma Turkiyya. Sunayen sun ci gaba, amma a kasuwar gwanjo abin da mai saye ke fara dubawa shi ne ko an rubuta Birmingham a jikin ƙarfen.

Me ya sa ake yi wa Whiscombe kallon ta daban?

Domin mutum ɗaya ne, John Whiscombe, ya yi su da hannunsa a Ingila, kuma duka-duka 'yan ɗaruruwa ne. Fistan biyu ne suke tahowa su fuskanci juna, su matse iska a tsakiya, iskar ta hau sama ta shiga bututu. Ba zabura, ga ƙarfin farauta. Lambar da ke jikin sunan, JW50 ko JW65 ko JW80, tsawon tafiyar fistan ce a milimita, kuma manyan sai an ja liba sau uku kafin su ɗanu. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsanani: ba a harba ta babu harsashi, don in ba abin da ya tare iskar, fistan biyun za su yi karo su lalace.

Wannan ba za ta dawo ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Aikin da ke cikinta ba na layin masana'anta ba ne.

Tunda suna da kyau haka, me ya sa aka daina su?

Dalili na farko tseren gudu ne. A farkon shekarun 1980 Beeman da Weihrauch suka fito da R1, wadda a Turai ake kira HW80, ta wuce 124 da sauran a ƙarfi. Ita kanta bindiga ce ta gari, har yau ana yin ta. Amma daga nan kasuwa, musamman ta Amurka inda doka ba ta sa iyaka ga ƙarfi ba, ta koyi sayen lambar da aka buga a jikin kwali. Mai shiga kanti ba ya iya gwada laushin harbi ko kyan kunama, lamba kawai yake gani. Ga shi harsashin bindigar iska mai siririn ƙugu ne, in ya kusa gudun sauti, wajen mita 340 a sakan, saitinsa kan lalace. Aka wayi gari ana sayar wa mai koyo bindiga mai wuyar ɗanawa, mai dukan kafaɗa, mai fasa madubin saiti, ya yi mako biyu bai sami gwangwani ba ya jingine ta.

Na biyu kuɗin aiki ne. Goge ƙarfe kafin a rina shi, sassaƙa ƙotar katako, gyara mazubi da hannu, duk lokacin ma'aikaci ne, kuma lokacin ma'aikaci a Jamus da Ingila ya yi tsada. Masana'antun Chaina da Turkiyya da Sifen suna fitar da bindiga a kaso kaɗan na wannan kuɗi.

Na uku, mai kuɗin da zai sayi bindiga mai tsada ya koma wa masu tankin iska, waɗanda ake kira PCP. Ba sa zabura, suna ɗaukar harsashi da yawa, kuma ko sabon shiga zai yi saiti da su. A gasar harbin fili da aka fara a Ingila a farkon shekarun 1980, HW77 ta Weihrauch ce ta yi zamaninta, kafin masu tanki su karɓe fagen. Mai sifirin mai tsada ta rasa na sama ta rasa na ƙasa.

Malam, anya ba kewar ƙuruciya ce kawai ba? Ai an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Akwai wannan a ciki, ba musu. Yawancin masu kiran sunan Airsporter ko Meteor ta BSA ko Slavia 631 ta ƙasar Czech da su suka fara harbi. Kuma tsofaffin suna da gazawa ta gaske: da yawa an yi su ne don saitin ƙarfe, ƙotarsu ta yi ƙasa ga mai sa madubi, wasu ma ba su da gurbin kirki na ɗaura shi. Roba da giris na yau sun fi na da. TX200 ta Air Arms, da ta fito a farkon shekarun 1990, ta fi kowace Airsporter saiti.

Amma akwai abin da hannu ke tabbatarwa, ba zuciya ba. Ɗauki Diana 27 ko HW55 ka ba wanda bai taɓa ganinsu ba, wanda ba shi da wata ƙuruciya da zai tuna a jikinsu, ka bar shi ya yi harbi goma. Sannan ka ba shi sabuwa mai ninkin ƙarfinsu. Ka ga wacce zai koma ya ɗauka.

Theoben tana cikin wannan lissafi?

Rabi da rabi. Dave Theobald da Ben Taylor, waɗanda suka kafa wannan kamfani na Ingila, sun cire sifirin ƙarfe suka sa silinda mai matsattsiyar iska a gurbinsa, amma fistan ne dai yake aikin. Sirocco da Fenman da Eliminator duk ana kewarsu, kuma kamfanin ya rufe a 2012. Dabarar tana nan a Weihrauch HW90.

In na sami tsohuwa ta gwanjo, me zan duba?

Fara da bututu. Kalle shi daga baya ka ga ko ya lanƙwashe sama, alamar an taɓa sakinsa ya rufe da ƙarfi ana cikin ɗanawa. Irin wannan haɗari kan tsaga ƙota a wajen mariƙi, don haka duba can ma. In mai karyawa ce, rufe ta ka girgiza bututun, bai kamata ya yi lilo ba. Duba kawunan sukurori: in sun cinye, wani ya shiga cikinta da kayan aikin da ba su dace ba. In mai mazubi ce, ɗana ta, ka ji ko iska na zurarewa ta gefensa.

Kada ka harba wadda ta daɗe a ajiye, musamman 124 ko Diana mai fistan biyu, sai an duba sil. Kada ka harba kowace mai sifirin babu harsashi. Kada ka zuba baƙin mai ko man keken ɗinki a kafar iska, domin zafin matsi kan kunna shi ya fashe a ciki, ya ƙone sil ya karya sifirin. Sil na fata yana son ɗan man da aka yi don shi, na roba kuwa kusan ba ya son komai. Kullum ka riƙe bututu ko liba da hannu ɗaya lokacin da ɗayan yake sa harsashi.

In za a kwance ta, a sani sifirin yana danne ko ba a ɗana ba. A wasu samfuran yana iya wurgo murfin baya da ƙarfin da zai fasa fuska. Akwai abin matse shi da ake amfani da shi, wanda ba shi da shi ya kai wa mai gyara. Kayan gyara na yawancin waɗanda na ambata suna samuwa a wurin dillalai irin su T. W. Chambers a Sikotland da John Knibbs a Ingila.

Me ya sa tsohuwar BSA ko Webley ba ta saiti da harsashin zamani?

Sau da yawa girman rami ne. Tsofaffin bututun Ingila na babban harsashi milimita 5.6 ne, na Jamus da na zamani kuwa 5.5. Harsashin yau kan yi sako-sako a ciki, iska ta wuce ta gefe. A gwada iri-iri masu faɗin kai ko taushin gindi kafin a yanke wa bindigar hukunci.

Cikin waɗanda ake ƙerawa yanzu, akwai wadda ta kusa da su?

Akwai, kuma su ya kamata a saya tun suna nan. Weihrauch HW30, wadda Beeman ke sayarwa da sunan R7, ita ce mafi kusa da ruhin Diana 27. HW35 tun farkon shekarun 1950 ake yin ta, da makullin bututunta da komai. HW95 tana cike gurbin 124 gwargwado. Air Arms Pro Sport ta ɓoye libarta cikin ƙota kamar Airsporter. Diana 54 tana amfani da dabarar zamewa irin ta 300S, sai dai da ƙarfin farauta da nauyi mai yawa.

Me doka ta ce game da mallakarsu?

Ya danganta da ƙasa, kuma dokar ce ma ta tsara ƙarfin yawancin bindigogin nan. A Ingila, bindigar iska da ta wuce kimanin jul 16, wato ma'aunin ƙarfin da harsashi ke fita da shi, sai da lasisin bindiga, shi ya sa Patriot, mai wajen ninki biyu na wannan, ba ta kowa ba ce a ƙasar da aka yi ta. Sikotland tun ƙarshen 2016 take neman takardar izini ko da ga marasa ƙarfi. A Jamus iyakar jul 7.5 ce ga wanda ya kai shekara 18, kuma ana buga harafin F cikin zane mai kusurwa biyar a jikin ƙarfen. In ka ga wannan alama a tsohuwar 124 ko HW35, ka san da sifirin mai rauni ta fito daga masana'anta.

A Najeriya, dokar makamai ta lissafa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallakarsu. Rashin albarushi bai fitar da ita daga doka ba. Wanda ya gani a intanet ya yi sha'awa, kada ya yi oda daga waje ko ya sa a sako masa cikin kaya. Ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiharsa ya ji halin da ake ciki game da lasisi, da kuma abin da kwastan ke bukata kafin a shigo da ita.